Lissafin Gaskiya da Ƙarya: Hanyoyin da Kwamfuta Ke Bi Wajen Auna Jumlolin Boole da Sarrafa Su

1.0 Gabatarwa

Mu ƙaddara an liƙa sanarwa a allon sashe mai cewa: "Za a bar ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa idan ya yi rajista kuma ya biya kuɗin makaranta ko yana da takardar shugaban sashe." Sai ga wani ɗalibi bai yi rajista ba, amma yana riƙe da takardar. Shin zai shiga ko kuwa a'a? Wani malami zai ce takardar ta wadatar. Wani kuma ya ce takardar madadin biyan kuɗi ce kawai, rajista kuwa ba makawa. Ba wanda ya yi wa Hausa karan tsaye a cikinsu, domin jumlar ta ɗauki ma'anonin biyu. Mutum yakan fita daga irin wannan ruɗani ta hanyar tambaya, ko ta sanin al'adar wurin. Kwamfuta ba ta da wanda za ta tambaya. Dole a ba ta jumlar cikin siga mai ma'ana ɗaya tak, sa'an nan a ba ta matakan da za ta bi har ta yanke hukunci.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan matakai. Za mu duba tambayoyi huɗu. Na farko, yaya ake auna jumla a gane gaskiya ce ko ƙarya? Na biyu, yaya ake taƙaita ta ba tare da an canza ma'anarta ba? Na uku, yaya ake gano ko akwai wani hali da zai sa ta zama gaskiya? Na huɗu, yaya ake tabbatar da cewa jumloli biyu abu ɗaya suke faɗi? Akwai hanya guda mai sauƙi da ke amsa tambayoyin nan duka, watau jadawalin gaskiya, sai dai aikinta yana ninkuwa duk sa'ad da aka ƙara sharaɗi ɗaya. Sauran dabarun da za mu gani ƙoƙari ne na kuɓuta daga wannan ninki.

2.0 Asalin Lissafin

Nazarin ingancin hujja tsohon fanni ne, wanda malamanmu na zaure suka sani da sunan manɗiƙi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana cikin waɗanda suka yi talifi a kansa. Amma manɗiƙin dā da kalmomi ake yin sa. Wanda ya mayar da shi lissafi mai alamomi shi ne George Boole, da ake furta sunansa Bul. An haife shi a garin Lincoln na Ingila a 1815, ɗan mai ɗinkin takalma ne, kuma mafi yawan iliminsa da kansa ya neme shi. Ko da yake ba shi da digiri, an naɗa shi farfesan lissafi a Cork ta ƙasar Ailan a 1849. Ya fitar da ɗan littafi a kan wannan batu a 1847, sa'an nan babban littafinsa a 1854. Ya rasu a 1864.

Abin da Boole ya lura da shi shi ne, maimaita magana ba ya ƙara mata gaskiya. "An yi ruwa kuma an yi ruwa" daidai yake da "an yi ruwa". Da alamar lissafi, x sau x daidai yake da x. Lambobi biyu ne kawai ke bin wannan ƙa'ida, watau 0 da 1. Saboda haka aka ba ƙarya 0, aka ba gaskiya 1.

An daɗe ana ɗaukar wannan aikin masana falsafa ne kurum, duk da cewa William Jevons ya ƙera wata na'ura ta katako mai kama da fiyano a 1869, wadda ke warware matsaloli masu sharuɗɗa huɗu. Sai a 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Amurka, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa makunnan lantarki suna bin lissafin Boole sau da ƙafa. Idan aka jera makunnai biyu a kan waya ɗaya, fitila ba ta kamawa sai an kunna wannan kuma an kunna wancan. Idan kuwa aka ba kowanne tasa hanyar, za ta kama in an kunna wannan ko wancan. Daga nan kowace jumlar Boole ta zama zanen wayoyi, kowane zanen wayoyi kuma ya zama jumla. A kan wannan tushe aka gina kwamfuta.

3.0 Haruffa da Mahaɗai

Jumlar Boole tana da sassa iri biyu. Na farko su ne haruffa, irin su A, B, C. Kowane harafi yana wakiltar zance guda wanda zai iya zama gaskiya ko ƙarya, kamar yadda wakilin suna ke tsayawa a madadin suna. Na biyu su ne mahaɗai, kuma uku sun isa a gina kowace jumla. Za mu rubuta su da manyan baƙaƙe don a bambanta su da kalmomin yau da kullum:

(a) A KUMA B: gaskiya ce idan A da B duk gaskiya ne.
(b) A KO B: gaskiya ce idan aƙalla ɗayansu gaskiya ne.
(c) BA-A: gaskiya ce idan A ƙarya ce.

Mun zaɓi KUMA a maimakon "da" domin a Hausa "da" sunaye take haɗawa, kamar Audu da Bala, ba ta haɗa cikakkun jumloli. Ita kuwa KO tana bukatar hattara. Idan uwar gida ta ce wa baƙo "fura ko kunu?", zaɓi ɗaya take nufi. Idan kuwa aka ce "a kawo katin ɗalibi ko takardar shaida", ba za a kori wanda ya kawo duka biyun ba. KO ta lissafi irin ta biyun ce. Shi kansa Boole ya taƙaita alamarsa ga abubuwan da ba sa haɗuwa, Jevons ne ya faɗaɗa ta a 1864. Idan ana son ma'anar farko, watau "ko dai wannan ko wancan, ban da duka", sai a rubuta (A KUMA BA-B) KO (BA-A KUMA B).

Saura "idan". A wannan lissafi, "idan A, to B" ba ta zama ƙarya sai a hali ɗaya, watau A ta tabbata amma B ba ta tabbata ba. Wanda ya ce "idan na sami albashi zan biya ka" bai saɓa alkawari ba matuƙar albashin bai zo ba. Don haka ake rubuta ta BA-A KO B.

4.0 Auna Jumla

4.1 Bishiyar li'irabi

Mu koma ga sanarwarmu. A ba rajista R, biyan kuɗi K, takarda T. Ma'anonin biyu su ne:

(1) (R KUMA K) KO T
(2) R KUMA (K KO T)

Ɗalibin nahawu zai gane cewa wannan bambancin bishiyar li'irabi ne. A (1), KO ce a ƙololuwa, a ƙarƙashinta akwai reshen R KUMA K da reshen T. A (2), KUMA ce a ƙololuwa. Aikin farko da kwamfuta ke yi shi ne ta gina wannan bishiya. Inda ba a sa baka biyu ba, sai ta bi ƙa'idar fifiko, watau BA ta fi kowa ƙarfin riƙo, sai KUMA, sai KO, kamar yadda sau ke gaban tarawa a lissafin firamare. Bisa wannan ƙa'ida, na'ura za ta karanta sanarwar a matsayin (1), ta bar ɗalibin ya shiga, ko da ba haka marubucin ya nufa ba. Bayan an gina bishiyar, sai a sa 0 ko 1 a madadin kowane harafi a ƙarshen rassa, a riƙa hawa sama ana auna kowane mahaɗi har a kai ƙololuwa.

4.2 Hanyar tari

Akwai hanyar rubuta jumla da ba ta bukatar baka biyu sam. Masanin manɗiƙi ɗan ƙasar Polan, Jan Łukasiewicz, ya ƙirƙiro ta a 1924, inda ya sa mahaɗi a gaban haruffansa. Masu kwamfuta suka juya ta, suka sa mahaɗin a baya. Ta haka (1) za ta zama R K KUMA T KO, ita kuwa (2) ta zama R K T KO KUMA. A 1961 Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya bayyana matakan mayar da jumla zuwa wannan siga, ya kwatanta su da yadda ake juya taragu a tashar jirgin ƙasa.

Amfanin wannan siga shi ne ana auna ta da tari, kamar tarin faranti da ba a ɗauka sai daga sama. Ana karantawa daga hagu. In an ci karo da harafi, a ɗora ƙimarsa a kan tari. In an ci karo da KUMA ko KO, a ɗauke biyun da ke sama, a haɗa su, a mayar da sakamakon. Ɗalibinmu bai yi rajista ba, ya biya kuɗi, yana da takarda, watau R = 0, K = 1, T = 1. A (1): a ɗora 0, a ɗora 1, KUMA ta mayar da su 0, a ɗora 1, KO ta mayar da su 1. Ya shiga ke nan. A (2): a ɗora 0, 1, 1, KO ta mayar da biyun sama 1, KUMA ta haɗa 0 da 1 ta ba da 0. An hana shi. Wannan aiki ba shi da nauyi, domin yawan matakansa daidai yake da tsawon jumlar.

4.3 Yanke hanya

Sau da yawa ba sai an auna jumlar duka ba. Idan ɓangaren farko na KUMA ƙarya ne, an gama, amsa 0 ce. Idan ɓangaren farko na KO gaskiya ne, amsa 1 ce. Harsunan tsara aikin kwamfuta irin su C da Java da Python suna tsayawa nan take. Masu tsarawa sukan dogara da haka don kauce wa haɗari. Alal misali, a sharaɗin "y ba sifili ba ne KUMA x raba y ya fi 2", idan y sifili ne na'ura ba za ta ma taɓa rabawar ba. Da an sauya wa ɓangarorin wuri, da aikin ya tsaya cik. A nan aikin na'ura ya ɗan saɓa da lissafin takarda, inda A KUMA B da B KUMA A ba su da wani bambanci.

5.0 Jadawalin Gaskiya da Ninkinsa

Abin da ya gabata ya shafi ɗalibi ɗaya. To idan ana son a san duk inda (1) da (2) suka saɓa fa? Sai a jera dukan halayen da za su iya faruwa. Wannan shi ne jadawalin gaskiya, wanda ya yaɗu ta ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein na 1921.

R K T | (1) (2)
0 0 0 | 0 0
0 0 1 | 1 0
0 1 0 | 0 0
0 1 1 | 1 0
1 0 0 | 0 0
1 0 1 | 1 1
1 1 0 | 1 1
1 1 1 | 1 1

Jadawalin ya nuna sun saɓa a layi biyu cikin takwas, na biyu da na huɗu, watau duk inda babu rajista amma akwai takarda. Ba ya kuskure, kuma ba ya bukatar basira. Matsalarsa girma. Harafi 3 layi 8 ne, harafi 10 layi 1,024, harafi 20 layi 1,048,576, harafi 30 kuwa ya haura layi biliyan ɗaya. Idan haruffa suka kai 64, na'urar da ke duba layi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe fiye da shekara 580. A ƙara harafi ɗaya, shekarun su ninka. Ga shi kuwa sashen kwamfuta da ke tara lambobi biyu masu gida 64 kowace yana da wayoyin shiga 128 ne. Sayen na'ura mai sauri ba ya magance wannan, domin wadda ta ninka ta dā sauri harafi ɗaya kawai ta ƙara mana.

6.0 Taƙaita Jumla

6.1 Ƙa'idojin sarrafawa

Ana iya sauya sigar jumla ba tare da an taɓa jadawalinta ba. Ga ƙa'idoji uku da aka fi amfani da su:

(a) BA-(A KUMA B) daidai take da BA-A KO BA-B. Haka nan BA-(A KO B) daidai take da BA-A KUMA BA-B.
(b) A KO (A KUMA B) daidai take da A.
(c) (A KUMA B) KO (A KUMA BA-B) daidai take da A.

Ta (a) ana danganta ta ga Augustus De Morgan, wanda ya yi zamani da Boole, ko da yake masana manɗiƙi sun san ta tun kafin shi. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Kore "Audu ya zo kuma Bala ya zo" ba ya nufin duk ba su zo ba, yana nufin aƙalla ɗaya bai zo ba. Ta (c) kuwa ita ce ginshiƙin taƙaitawa: idan abu zai faru ko da B ko babu B, to B ba ta da ta cewa.

6.2 Misalin kwamiti

A ce kwamiti mai mutum uku, A da B da C, yana zartar da shawara da rinjaye. Daga jadawali, shawara na wucewa a halaye huɗu: 011, 101, 110, 111. Idan aka rubuta kowane hali a matsayin yanki, za a sami yankuna huɗu masu harafi uku-uku, jimla 12, uku daga ciki da BA. To amma 011 da 111 a gida ɗaya kawai suka bambanta, saboda haka ƙa'ida ta (c) ta haɗe su zuwa B KUMA C. Haka 101 da 111 suka ba da A KUMA C, 110 da 111 suka ba da A KUMA B. An yi amfani da 111 sau uku, kuma ba laifi, tun da maimaici ba ya ƙara gaskiya. Sakamako:

(A KUMA B) KO (A KUMA C) KO (B KUMA C)

Haruffa sun sauka daga 12 zuwa 6, BA ta ɓace. Wannan jumla ba ta kwamiti kaɗai ba ce. Ita ce ke gaya wa kwamfuta ko za ta riƙe ɗaya ta kai gida na gaba sa'ad da take tarawa. Tun da kowane mahaɗi taransistoci ne a kan guntun silikon, rage su ragin kuɗi ne da zafi da cin wuta.

6.3 Daga ido zuwa na'ura

A 1953 Maurice Karnaugh, bisa aikin Edward Veitch na 1952, ya tsara jadawalin a sigar gidajen dara, aka jera su 00, 01, 11, 10, yadda duk gidaje biyu maƙwabta a harafi ɗaya suka bambanta. Mai zane sai ya kewaye gungun 1 da ke maƙwabtaka, biyu-biyu ko huɗu-huɗu ko takwas-takwas. Dabarar tana da daɗi, amma ido take dogara da shi, kuma ba ta wuce harafi biyar ko shida.

Hanyar da ta dace da na'ura ita ce wadda Willard Quine ya faro a 1952, Edward McCluskey ya kyautata a 1956. Tana da mataki biyu. Da farko a kasa layukan bisa yawan 1 da ke cikinsu, a gwada kowane layi da na rukunin da ke biye, a haɗe duk biyun da suka bambanta a gida ɗaya, a sa karan ɗori a gidan, kamar yadda 011 da 111 za su zama -11. A yi ta maimaitawa har haɗi ya ƙare. Mataki na biyu, a zaɓi mafi ƙarancin yankunan da za su rufe dukan layukan asali. Hanyar tana ba da amsa mafi gajarta tabbas, sai dai yawan yankunan yana bunƙasa da sauri ƙwarai, ninkin da muka gudu ya sake tarar mu. Saboda haka a farkon shekarun 1980 Robert Brayton da abokan aikinsa suka fito da manhajar Espresso, wadda ta haƙura da neman mafi gajarta, ta wadatu da amsar da ta kusa da ita, cikin ɗan lokaci.

7.0 Neman Halin da Zai Gaskata Jumla

Tambaya ta uku ita ce mafi tsanani. Ga misali. Za a tura wakilai biki bisa sharuɗɗa uku: dole Audu ko Bala ya tafi, idan Audu ya tafi, dole Cindo ya raka shi, Cindo kuwa ba zai tafi ba. A sigar Boole:

(A KO B) KUMA (BA-A KO C) KUMA (BA-C)

Ba sai an zana jadawali ba. Yanki na uku harafi ɗaya ne, ya tilasta C = 0. Da haka yanki na biyu ya rage BA-A kawai, ya tilasta A = 0. Yanki na farko kuma ya rage B, ya tilasta B = 1. Bala shi kaɗai zai tafi. Da za a ƙara sharaɗi na huɗu, cewa Bala ma ba ya tafiya sai da Cindo, watau BA-B KO C, da an sami karo, aka tabbatar ba mafita.

Wannan bin tilas shi ne zuciyar hanyar da Martin Davis da Hilary Putnam suka bayyana a 1960, wadda Davis da George Logemann da Donald Loveland suka gyara a 1962. Inda tilas ta ƙare, na'ura takan yi hasashe, ta ba wani harafi 1, ta bi abin da zai biyo baya. In ta ci karo, ta dawo ta gwada 0. A 1996 João Marques-Silva da Karem Sakallah suka ƙara wani abu muhimmi: duk sa'ad da aka ci karo, na'ura ta bincika waɗanne zaɓuɓɓuka ne suka jawo shi, ta rubuta sabon yanki da zai hana sake haɗa su. Watau ba ta faɗa rami ɗaya sau biyu. Manhajar Chaff ta Jami'ar Princeton ta ƙara wa hanyar sauri a 2001. A yau irin waɗannan manhajoji suna warware matsalolin masana'antu masu haruffa dubu ɗaruruwa, har da miliyoyi. A 2016 Marijn Heule da Oliver Kullmann da Victor Marek suka yi amfani da su wajen tabbatar da cewa ana iya raba lambobi daga 1 zuwa 7,824 gida biyu ba tare da wani gida ya ƙunshi cikakken rukuni irin na 3, 4, 5 ba, watau inda murabba'in biyu ya tashi murabba'in na uku, amma ba a iya yin haka in an kai 7,825. Hujjar ta ci wajen terabait 200.

Kada wannan ya sa a zaci an karya ninkin. A ce tantabaru 11 ne da ramuka 10, kowace tana son raminta ita kaɗai. Yaro ma ya san ba zai yiwu ba. Amma Armin Haken ya tabbatar a 1985 cewa irin hujjar da waɗannan manhajoji suka ginu a kanta tana tsawaita ninki-ba-ninki a kan wannan matsala yayin da ramukan ke ƙaruwa. Tun kafin nan, Stephen Cook a 1971, da Leonid Levin a Tarayyar Sobiyet a 1973, sun nuna cewa duk matsalar da ake iya duba amsarta da sauri ana iya mayar da ita tambayar Boole irin wannan. Don haka wanda ya sami hanya mai sauri a kowane hali ya buɗe dubban ƙofofi da mabuɗi ɗaya. Wannan ita ce matsalar P da NP, wadda Cibiyar Clay ta sa wa ladar dala miliyan ɗaya a shekarar 2000, kuma har yanzu ba a warware ta ba.

8.0 Zanen Rassa da Tabbatar da Daidaito

Saura tambaya ta huɗu. Injiniya ya taƙaita zanensa, yaya zai tabbata bai ɓata shi ba? Hanya ɗaya ita ce a haɗa tsohuwar jumla da sabuwa da "ko dai", a nemi halin da zai gaskata haɗin. In babu, daidai suke. Hanya ta biyu ita ce a mayar da kowace jumla siga guda da ba ta da na biyu.

Kowace jumla ana iya tsaga ta a kan harafi ɗaya. A misalin kwamiti, idan A ta yarda, abin da ya rage shi ne B KO C. Idan ta ƙi, ya rage B KUMA C. A sake tsagawa a kan B. A reshen farko, in B ta yarda an gama, in ta ƙi sai abin da C ta ce. A reshe na biyu, in B ta ƙi an gama, in ta yarda sai abin da C ta ce. Ga shi "sai abin da C ta ce" ya fito sau biyu, don haka sai a zana shi sau ɗaya, rassan biyu su nufe shi. Cikakkiyar bishiya mararraba 7 take da su, wannan zane kuwa 4.

A 1986 Randal Bryant na Jami'ar Carnegie Mellon ya nuna cewa idan aka tsayar da jerin haruffa guda, aka haɗe duk rassa masu kama, aka share duk mararrabar da hanyoyinta biyu wuri ɗaya suka nufa, to kowace ma'ana zane ɗaya tak take da shi. Jumloli biyu daidai suke in zanensu ɗaya ne. Sai dai girman zanen ya rataya ga jerin. A ɗauki jumla mai tagwayen haruffa goma, (A1 KUMA B1) KO (A2 KUMA B2), har zuwa na goma. In aka jera kowane A kusa da B nasa, mararraba 20 ne. In aka fara jero A duka kafin B, sun haura 2,000. Bryant ya kuma tabbatar cewa sashen da ke yin sau ba shi da wani jeri da zai hana zanensa kumbura.

Muhimmancin wannan tabbaci ya fito fili a 1994, lokacin da aka gano cewa guntun Pentium na kamfanin Intel yana kuskure a wasu lissafan rabawa. Kuskuren ba ya bayyana sai a lambobi ƙalilan ƙwarai, shi ya sa gwaji bai kama shi ba. Kamfanin ya ware dala miliyan 475 don musanya su. Tun daga nan masu ƙera irin waɗannan kaya suka ƙara dogara ga hujjar lissafi, ba gwaji kaɗai ba.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa auna jumla a hali ɗaya aiki ne mai sauƙi, muddin an tsayar da li'irabinta. Wahalar tana zuwa ne idan tambaya ta shafi dukan halaye. Hanyar Quine da McCluskey, da hanyar Davis da abokansa, da zanen Bryant, kowace ta rage aikin ta hanyar cin moriyar tsarin da ke cikin jumlar, kuma kowace tana da irin jumlar da ke gagarar ta.

Ga ɗalibin harshe akwai aiki iri biyu a nan. Na farko, duk wanda zai fassara doka ko sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai ko umarnin shan magani, ya kamata ya zana bishiyar "kuma" da "ko" da "ba" kafin ya sa alƙalami, domin layi biyu cikin takwas sun isa su hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Sanarwarmu ta farko, in ma'ana ta (2) ake nufi, gyaranta shi ne: "Sai wanda ya yi rajista zai shiga, bayan haka kuma dole ya nuna shaidar biyan kuɗi ko takardar shugaban sashe." Na biyu, kalmomin da muka yi amfani da su, irin su mahaɗi da tari da jadawalin gaskiya da zanen rassa, shawara ce muka gabatar. Muna fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su auna su, su gyara inda ya kamata.